Cin amana, ha'inci ko yaudara: wacce ta dace da abin da aka yi maka?

A zauren wani mai unguwa na taɓa ganin an ci kusan rabin awa ana ja-in-ja a kan kalma ɗaya, tun ba a taɓo zancen kuɗin da ya tara mutane ba. Wani ɗan kasuwa ne ya kawo ƙarar maƙwabcinsa. Buhu goma na gero ya saya a hannunsa, da aka zazzage sai ga tsaba mai kyau a sama, ƙasa kuwa ƙaiƙayi da tsakuwa. Yana huci ya ce, "Ranka ya daɗe, bawan Allahn nan ya ci amanata."

Wanda ake ƙara bai musa zancen geron ba. Kalmar ce ta tsaya masa a maƙogwaro. "Alhaji, ka ce na cuce ka, na ji na ɗauka. Amma amanar me ka ba ni da har na ci?"

Mai unguwa ya gyara zama. "Alhaji, ajiya ka ba shi ko ciniki kuka yi?"

"Ciniki muka yi, ranka ya daɗe."

"To, algus ya yi maka. Laifi ne babba, kuma zai biya. Amma waccan kalmar ka janye ta."

Wani zai ce ai duk kanwar ja ce, cuta dai cuta ce. Ba haka ba ne. Hausa tana da kalmomi da yawa na wannan fage: cin amana, ha'inci, yaudara, zamba, damfara, algus, makirci, munafunci, butulci. Wanda ransa ya ɓaci yakan kai hannu kan wadda ta fi nauyi, kamar mai neman dutsen jifa a duhu. Sai dai kowacce da nata wurin, kuma idan ka ɗauki wadda ba ita ba, kai za ka yi asara. Sulhun da zai yiwu ya lalace, ƙarar da ka kai ta sami hujin da wanda ya cuce ka zai fita ta ciki, ko kuma ka maƙala wa mutum tambarin da 'ya'yansa za su gada alhali laifinsa bai kai nan ba. Tambayar da ke raba gardamar ita ce ta mai unguwa: me ke tsakaninku kafin abin ya faru?

Amana kalmar Larabci ce da ta daɗe da zama 'yar gida. Tushenta ɗaya da amini, aminiya, aminci, amintacce, har da imani. A wurin Bahaushe kuwa abu ce da ake miƙawa, kamar ka miƙa ƙwarya. Ranar kai amarya gwaggonninta sukan ce wa dangin ango, "Ga amana mun kawo muku." A tasha uwa takan ce wa direba, "Ga amanar yaron nan, kada ka sauke shi sai a hannun kawunsa." Fataken goro da suka riƙa bin hanyar Kano zuwa Gwanja, da masu kai shanu Sabo ta Ibadan, sukan bar dukiya mai yawa a hannun mai masauki, ba takarda ba sa hannu. A zamanin daular Usmaniyya ma, al'ummomin da ba su musulunta ba amma suka yarda su riƙa biyan wani abu a bar su lafiya, kamar a ƙasar Bauchi da Zazzau, cewa ake yi suna cikin amana. A duk waɗannan akwai mai bayarwa, akwai mai karɓa, akwai abin da aka bayar, ko da abin nan sirri ne ko rai.

Sai kuma ka dubi aikatau ɗin da Hausa ta haɗa ta da shi. Ba mu ce an fasa amana ba, ba mu ce an yar da ita ba, cewa muka yi an ci. Abin da aka ci ba ya komawa akushi. Irin wannan cin ne a cin mutunci da cin zarafi, abin da ko an ba da haƙuri ba ya dawowa yadda yake. Saboda haka kafin ka ce wa mutum maci amana, tabbatar ka ba shi wani abu, ya karɓa da saninsa, sannan ya juya shi a kanka da gangan. Uwar adashin da ta tara zubin mata ashirin ta gudu da shi, maciyar amana ce ba tantama. Haka yaron shagon da aka bar wa mabuɗi ya kwashe kaya cikin dare, haka aminin da ka faɗa wa sirrin gidanka ya kai shi majalisa.

Zancen gangan ɗin nan mutane suna yawan tsallake shi. Malaman fikihu sun bambanta ajiya da bashi. Wanda ka ba ajiya, idan gobara ta ci ta ko ɓarayi suka ɗauke ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Wanda ka ba bashi kuwa zai biya ko da kuɗin sun faɗa rijiya. Ke nan wanda ajiyarka ta salwanta a hannunsa ba lallai ya zama maci amana ba. Mai yiwuwa sakaci ya yi, mai yiwuwa ƙaddara ce kawai. Wanda kuma ya ci bashinka ya kasa biya, matsiyaci ne ko mai taurin bashi, ba maci amana ba. Wani abin da yakan ba mutane mamaki shi ne ba a yanke hannun wanda ya cinye ajiya kamar yadda ake yanke na ɓarawo, domin bai fasa ma'aji ya ɗauka a ɓoye ba, miƙa masa aka yi. Hukuncinsa biya ne da ta'azirin da alƙali ya ga ya dace. Amma a idon jama'a ɓarawo ya fi shi dama-dama, tunda ɓarawo bai taɓa cin tuwon gidanka ya ce ka kwantar da hankalinka ba.

Ha'inci ita ce ta fi kusa da cin amana, kuma ita aka fi rikitawa da shi. A Larabci ma abu ɗaya ne: khiyana ce kishiyar amana, daga nan muka samu ha'ini da ha'inci. Shi ya sa mai tafsiri idan ya zo aya ta 27 a Suratul Anfal, wadda ta hana ha'intar Allah da Manzo da amanonin da ke tsakanin mutane, zai iya ɗaukar kowacce daga cikin biyun bai yi kuskure ba. A kasuwa da wurin aiki ne Hausa ta raba su. Ha'inci ragi ne a ɓoye. Ka kai wa tela yadi biyar na shadda, ya ɗinka da huɗu ya adana ɗaya. Magini ya karɓi buhun siminti goma ya zuba takwas. Ma'aikaci ya sa hannu da safe ya sulale zuwa shagonsa, ƙarshen wata ya karɓi albashi cikakke. Mai awo ya bubbuge gindin mudu. Maha'inci ba ya son dangantakarku ta yanke, ai da ita yake ci. Yana so gobe ma ka dawo. Maci amana kuwa ya riga ya yanke shawarar cewa abin da ke hannunsa ya fi ka daraja.

Telan nan dai shi ne zai nuna maka iyakar. Idan ya rage yadi, ha'inci ya yi. Idan ya karɓi Getzner ya ɗinka maka da jabu, ya yi maka ungulu da kan zabo, wato ya shiga yaudara. Idan ana saura kwana uku Sallah ya sayar da shaddar gaba ɗaya ya kulle shago ya kashe waya, to yanzu ka ce ya ci amanarka, babu mai ce maka ka yi zafi. Idan kana son a yi gyara a ci gaba da hulɗa, ha'inci za ka ce. Mutum yakan amsa ha'inci ya sunkuyar da kai ya biya. Cin amana kuwa da wuya ka ji wanda ya amsa ta a gaban mutane, gara ya rantse da Alƙur'ani a rabu dutse a hannun riga.

Algus ƙanin ha'inci ne, amma shi a cikin haja yake zaune: madara da ruwa, manja da rini, zuma da sukari, geron Alhaji da tsakuwa. Asalinsa hadisin nan ne na tarin abincin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu a ciki ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Algus ba ya bukatar sanayya, baƙo ma ana yi masa.

Yaudara ta wata hanya take zuwa. Ita ba ta tarar da yarda a ƙasa ba, ita ke ƙera ta. Makaminta baki ne da kama: daɗin baki, romon baka, kura da fatar akuya. Saurayin da ya yi wa yarinya alkawarin aure shekara uku alhali ya san ba zai yi ba, mayaudari ne. Idan yaudarar ta nufi aljihu kai tsaye, sai ta zama damfara: saƙon da ke cewa an rufe asusunka na banki ka turo lambobin da aka aiko maka, filin da aka sayar wa mutum uku, ko harkar zuba kuɗi ta MMM da ta daskarar da kuɗin jama'a a watan Disamba na 2016 bayan ta yi musu alkawarin riba mai tsoka kowane wata. Ɗan damfara bai san ka ba, kai ma ba ka san shi ba, don haka babu amanar da zai ci. Zamba kuma tana tsakiya, shi ya sa muke da furucin nan mai kyau, zamba cikin aminci. Wannan shi ne mutumin da ya yi shekara yana sallah a sahu ɗaya da kai, yana gaishe da iyayenka, yana biyan ƙananan basussuka a kan lokaci, duk don ranar da zai karɓi babban ya ɓace. Amincin da kansa tarko ne. A ganina babu furucin da ya kai wannan dacewa da irin mutanen nan, kuma ya fi cin amana faɗin gaskiyar abin, domin yana nuna cewa mugun nufin ya riga zumuncin zuwa.

Wannan bambanci ba na masu son iya magana ba ne kawai, yana da amfani ranar da ka je ofishin 'yan sanda. Kundin Penal Code da Arewacin Najeriya ta fara aiki da shi a 1960 ya raba laifukan biyu. Sashe na 311 yana magana a kan wanda aka damƙa wa dukiya ya karkatar da ita, na 312 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai. Sashe na 320 kuwa na wanda ya ruɗe ka ne har ka miƙa masa abinka. Lambar 419 da ta zama sunan 'yan damfara daga kundin Kudu ta fito. Wasu jihohi sun sake tsara nasu kundin, lambobin sun sauya, amma rabuwar tana nan. Abin da mai bincike zai tambaye ka shi ne yadda kuɗin suka shiga hannun mutumin. Idan ka ce ya ci amanarka, bincike ya nuna rance ka ba shi, za a ce maka wannan ba aikin 'yan sanda ba ne, kotuna sun sha nanata cewa su ba masu karɓo bashi ba ne. Ka ɓata kuɗin mota, shi kuma ya fita yana cewa ƙazafi ka yi masa.

Inda yaudara da cin amana suka fi rabuwa sarai shi ne fagen yaƙi. Hadisi ingantacce ya ce yaƙi yaudara ne, kuma a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, Nu'aimu ɗan Mas'udu ya ɓoye musuluncinsa ya shiga tsakanin rundunonin da suka yi taron dangi ya sa suka daina yarda da juna. Ba wanda ya kira wannan cin amana. Amma addinin da ya halatta haka shi ne ya ce kowane mai warware alkawari za a kafa masa tuta ranar ƙiyama a san shi da ita, kuma aya ta 58 a Anfal ta ce idan ana tsoron ha'incin mutanen da aka yi yarjejeniya da su, a mayar musu da yarjejeniyarsu a fili tukuna. Dokar yaƙi ta duniya ma a nan ta tsaya. Ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977, sashe na 37, ya yarda da kwanton ɓauna da sajewa da ba da labarin ƙarya, amma ya haramta ka ɗaga farar tuta ko ka yi kamar ka miƙa wuya don ka kashe wanda ya saki jiki. Maƙiyi bai ba ka amana ba, sai a lokacin da ka ce masa zo, ba abin da zai same ka. Daga wannan kalmar amana ta ƙullu.

Abin da ya sami Sarki Jaja na Opobo ke nan a 1887. Harry Johnston, wakilin Ingila a yankin, ya gayyace shi tattaunawa da tabbacin cewa zai koma gida lafiya. Da ya hau jirgin ruwa sai aka wuce da shi Accra, aka yi masa shari'a, aka kai shi tsibirin St Vincent. A hanyar dawowa ya rasu a 1891. Jaja da Johnston ba aminai ba ne, kowa ya san suna takun-saƙa a kan cinikin manja. Duk da haka duk wanda ya kira wannan yaudara ko dabara ya rage masa nauyi. Haka za a auna duk zaman sulhun da aka kira mutane da sunan zaman lafiya aka rutsa da su, ko wane ɓangare ne ya kira.

Makirci, tuggu, gadar zare da zagon ƙasa ba sa bukatar dogon bayani. Su shiri ne da ake ƙullawa a ɓoye, kuma maƙiyi na fili ma yana ƙulla su. Sukan zama share fagen cin amana, kamar a ƙissar Annabi Yusufu: 'yan'uwansa sun fara ƙulla makircin a tsakaninsu, sannan suka je wurin mahaifinsu suna tambayar me ya sa ba ya amince musu da yaron. Kalmar da suka yi amfani da ita a aya ta 11 daga tushen amana take. Sai da ya miƙa musu shi sannan laifin ya sauya suna. Munafunci kuwa a bakinmu ya sauka daga ma'anarsa ta aƙida ya koma kai-kawo da gulma da fuska biyu. Munafuki yana haɗa ka faɗa da wani, ba lallai ya riƙe maka komai ba.

Butulci ne ya kamata a tsaya a kansa, domin shi 'yan siyasa suka fi musanyawa da cin amana. Butulu ba ajiya aka ba shi ba, alheri aka yi masa ya manta, kaza ci ki goge baki. Kuma kullum daga ƙasa yake duban sama: yaro ga ubangida, almajiri ga malami, tsintacciyar mage ga mai gida. A Kano an ga wannan fiye da sau ɗaya. A farkon shekarun 1980 jam'iyyar PRP ta dare biyu, 'yan taɓo suna tare da Malam Aminu Kano, 'yan santsi suna tare da Gwamna Abubakar Rimi, kowane ɓangare yana ganin ɗayan ne ya saki hanya. Abdullahi Ganduje ya yi wa Rabi'u Kwankwaso mataimakin gwamna sau biyu, daga 1999 zuwa 2003 da kuma daga 2011 zuwa 2015, ya gaje shi, a 2016 suka raba gari, sojojin baka suka cika gidajen rediyo da kalmomin nan biyu. Ba ina raba musu faɗa ba ne. Abin da nake nunawa shi ne duk ubangidan da ya ce yaronsa ya ci amanarsa, yana faɗin wani abu da bai yi niyya ba: cewa kujerar tasa ce, ajiya ya bayar. Amanar da ke wuyan gwamna ta masu zaɓe ce da baitulmali. Ubangida yana iya kukan butulci, ya yi daidai ko ya yi kuskure. Cin amana kuwa talakan da aka cinye kuɗin asibitinsa ne ya fi cancantar furta ta.

A harkar aure kalmar ta fi zafi, kuma a nan shari'a da al'ada sukan saɓa. Matar da ta auri mijin aminiyarta ba ta aikata haram ba, kowane malami zai faɗa maka haka. Amma je ka gidan biki ka ji me mata za su kira ta. Kuma suna da hujja, idan ta san sirrin gidan ne ta bakin aminiyar, ta san abin da mijin ke so da abin da ke ɓata masa rai, ta yi amfani da shi. Ba mijin ne amanar ba, sirrin ne. Idan kuwa sanayya ce ta nesa, gaisuwa a gidan suna, kalmar ta yi mata yawa. Mijin da ya ƙara aure bai faɗa ba sai ranar ɗaurin aure, rashin kyautawa ya yi da ɓoye-ɓoye. Wanda ya karɓi kuɗin gadon matarsa da sunan jari ya kai lefe da su, wannan ko a gaban alƙali sunansa maci amana.

Mafi nauyinsu duka ita ce cin amanar ƙasa, kuma ita ce na fi shakkar furtawa. A dokar Najeriya babban nau'inta hukuncinsa kisa ne, mai bi masa ɗaurin rai da rai. Amma dubi waɗanda aka jefa da ita. Ranar 29 ga Yuli 1975 Janar Yakubu Gowon yana taron ƙasashen Afirka a Kampala, Kanar Joe Garba, shugaban dakarun da ke tsaronsa, ya sanar a rediyo cewa an hamɓarar da shi. An kira wannan juyin mulki, Garba ya zama mai kula da harkokin waje. Bayan wata shida da 'yan kwanaki, ranar 13 ga Fabrairu 1976, Laftanar Kanar Buka Suka Dimka da mutanensa suka kashe Janar Murtala Muhammad a Legas, yunƙurin bai yi nasara ba, aka harbe Dimka a watan Mayu da sunan cin amanar ƙasa. Akwai bambanci na gaske, ɗaya ba a zubar da jini ba, ɗaya an zubar. Sai dai ba wannan bambancin ne ya raba sunayen ba. Manjo Janar Mamman Vatsa ba a kai ga harba ko harsashi ɗaya ba a juyin mulkin da aka zarge shi da shi, amma an harbe shi ranar 5 ga Maris 1986 a mulkin Ibrahim Babangida, abokinsa tun suna makaranta a Bida, wanda shi kansa wata shida kafin nan ya kifar da Buhari. Har yau idan aka tayar da zancen, sai ka ji ana tambayar wane ne ya ci amanar wani a cikin su biyun.

Obafemi Awolowo an yanke masa shekara goma a 1963 bisa tuhumar cin amanar ƙasa, a 1966 Gowon ya sake shi, shekara ta zagayo yana riƙe da ma'aikatar kuɗi. Moshood Abiola an tuhume shi da cin amanar ƙasa a 1994 don ya ayyana kansa shugaban ƙasa bisa zaɓen 12 ga Yuni 1993, ya rasu a tsare a 1998, a 2018 gwamnati ta ba shi lambar girmamawa mafi girma a ƙasar. Obasanjo ya shiga kurkuku a 1995, ya shiga fadar shugaban ƙasa a 1999.

A Nijar abin ya fi fitowa fili. Ranar 9 ga Afrilu 1999 masu tsaron Shugaba Ibrahim Bare Mainasara suka harbe shi a filin jirgin sama na Yamai, sanarwar farko ta kira abin hatsari, shugaban masu tsaron, Dauda Malam Wanke, ya hau mulki. Ranar 26 ga Yuli 2023 dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa, ƙarƙashin Janar Abdurrahman Tchiani, suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Magoya bayan Bazoum suka ce wanda aka ba amanar tsaronsa ya ci. Ba a yi wata guda ba sojojin suka sanar cewa shi Bazoum ɗin za su gurfanar bisa cin amanar ƙasa. Kalma ɗaya, kowa yana riƙe da bakinta ɗaya yana ja. Dalili kuwa amana biyu ce ake magana a kai: ta mutum ga mutum, da ta mutum ga ƙasa, kuma duk mai juyin mulki cewa yake ya saki ta farko ne don ya riƙe ta biyu. A Burkina Faso sai da aka yi shekara 34 da rabi bayan kisan Shugaba Thomas Sankara a ranar 15 ga Oktoba 1987 kafin kotun soja ta yanke wa amininsa Blaise Compaoré ɗaurin rai da rai, a Afrilun 2022, shi kuwa yana zaune a Kwaddibuwa.

Ƙarshen inda aka ja kalmar har ta kusa tsinkewa shi ne ranar 1 ga Nuwamba 2024, lokacin da aka gurfanar da yara ƙanana, da yawansu daga Kano da Kaduna, a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja da tuhumar da ta haɗa da cin amanar ƙasa, saboda zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a kotu. Bayan 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarni a sake su. Da mai unguwarmu yana wurin, na san abin da zai tambaya: wace ajiya ƙasa ta ba yaran nan? Saboda haka mai rubuta labari, ko mai sanya shi a Facebook, ya rubuta cewa ana tuhumar wane da cin amanar ƙasa, ya faɗi wanda ke tuhumar, ya faɗi abin da mutumin ya aikata a zahiri. Kada ya ara wa gwamnati bakinsa, domin gwamnatin gobe tana iya sa wa titi sunan wanda ake tuhumar.

Geron nan kuwa an sheƙe shi an rairaye a ƙofar gidan mai unguwa, aka samu buhu takwas da 'yan mudu. Maƙwabcin ya cika sauran bayan kasuwa biyu, ya haɗa da kuɗin masu rairaya. Alhaji ya janye kalmar a zaure kamar yadda aka nema, suka yi musafaha, har yanzu suna gaisawa a masallaci. Amma duk ranar da ya ba da labarin a majalisa, na lura ba ya cewa algus. Yakan ce, "Mutumin da muka yi shekara ashirin katangarmu ɗaya, ban ko kwance bakin buhun na duba ba." Daga nan sai ya yi shiru ya bar mu mu sa wa abin suna.